Babur ɗin mahaifinmu ya shekara 15 a soro, zan iya tayar da shi da hannuna?

"Assalamu alaikum. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar wani tsohon babur Yamaha YB100 wanda a kansa yake zuwa makarantar da yake koyarwa tun muna yara. Yau kimanin shekara 15 ke nan yana jingine a soro, ƙura ta binne shi. Na kai maganar wajen makanikai biyu, duk suka ce in sayar wa 'yan gwangwan in huta. Ni kuwa so nake in gyara shi da hannuna a ranakun da ba na zuwa aiki, don sha'awa kawai. Ina iya canza fulogi da ɗaure sarƙa, iyakar sanina ke nan. Shin abin zai yiwu? In zuba fetur in buga kik in ga ko zai tashi, ko da wani abin da ya kamata in fara yi?" Wani mai karatu daga Zariya.

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Malam, ya sa aljanna ce makomarsa, ya albarkaci bayansa.

In na fahimce ka, abu biyu kake son sani: ko wanda kanikanci ba sana'arsa ba ce zai iya farfaɗo da babur mai shan 2T (man da ke ƙonewa tare da fetur) da ya daɗe a ajiye, da kuma inda ya kamata ya fara sa hannu. Na farkon, ƙwarai zai yiwu, kuma ka yi sa'ar babur, don cikin waɗanda suka yi zamani a ƙasar nan kaɗan ne suka kai YB100 sauƙin sha'ani. Na biyun kuwa, ɗan'uwa, ka ɗaga ƙafarka daga kan kik ɗin nan tukuna. Tsofaffin injinan da ake kawo mini a lalace, mafi yawansu sun jure zaman shekaru lafiya ƙalau. Abin da ya kashe su shi ne mintunan farko bayan an zuba musu fetur an tayar da su da ƙarfin tsiya.

Makanikan da suka ce ka sayar ba ƙarya suka yi maka ba, lissafin kasuwa suka yi. Kuɗin da za ka zuba zai iya kai wa na wani babur na hannu mai tafiya, ko ma ya wuce, kuma in ka gama zai fi Boxer shan fetur nesa ba kusa ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, wannan ba ƙaramar magana ba ce ga mai hawa kullum. Amma kai ba riba ka zo nema ba, saboda haka lissafinsu bai hau kanka ba.

Kafin sifana

Babur ɗin nan dukiyar gado ce. In ba a raba ba, ka zauna da 'yan'uwanka da mahaifiyarku a yi masa kuɗi yadda yake yanzu, da tsatsarsa da komai, a sa shi cikin kasonka ko ka biya. Na ga gidan da ba wanda ya kalli babur shekara da shekaru, sai ran da aka fito da shi yana ƙyalli kowa ya tuna shi ma ɗa ne. Ka nemo tsofaffin takardun, ka gwada lambar da ke cikinsu da wadda aka buga a wuyan firam da wadda ke jikin injin. In ka zo goge fenti daga baya, kada sanfefa ta bi ta kan lambobin nan.

Sannan ka ɗauki hoto da wayarka, da yawa, ta kowane gefe, musamman yadda wayoyin wuta da kebur suka bi. Ka tanadi gwangwanaye ko ledoji, kowane ɓangare da notocinsa, ka rubuta suna. Wanda yake aiki Asabar da Lahadi kawai mantuwa ce babbar abokiyar gabarsa.

Kayan aikin ba su da yawa: sifanu da soket masu lamba 8, 10, 12, 14, 17 da 19, filaya, 'yar gudumar roba, ma'aunin tazara mai ganyayyakin ƙarfe, da 'yar mitar gwada wuta. Abu biyu ne ba na yarda a fara babu su. Ɗaya sukudireban nan da ake buga wa guduma, don sukurorin murfin injin Japan sun saba kafewa, kuma sukudireba na gida cinye musu kai yake yi. Ɗayan kuma fula ce, wato ƙarfen da ake zaro maganet (gargaren da ke ba da wuta) da shi, zan zo kanta.

Yadda injin yake aiki, da dalilin da na hana ka kik

YB100 ya fito tun cikin shekarun 1970. Injinsa 97cc ne, faɗin fistinsa milimita 52, giya huɗu, wuta bolt 6. Nan gida kamfanin John Holt ne, ta reshensa Yamaco, ya daɗe yana hada-hadar baburan Yamaha, kamar yadda Boulos ya riƙe Suzuki. Shi da Suzuki A100 da Vespa su ne abin hawan malaman makaranta da ma'aikatan En'e na wancan lokacin, kafin injina masu bugu huɗu daga Indiya da Sin su cika titi.

Injin Boxer yana da bawul, baƙin mansa yana kwance a ƙasa, kuma fistin sai ya yi hawa da sauka sau biyu kafin wuta ta tashi sau ɗaya. Naka ba haka yake ba. Duk juyi ɗaya na karanshaf (ƙarfen da fistin ke juyawa a ƙasan inji) wuta na tashi. Ba shi da bawul a ka, ƙofofi ne aka huda a jikin bulok, fistin da kansa yake buɗe su yana rufewa. Abin da ya fi muhimmanci ka riƙe shi ne hanyar da fetur yake bi. Daga kafireta ba sama yake wucewa kai tsaye ba, sai ya fara shiga ɗakin karanshaf a ƙasa. In fistin ya yi sama sai ɗakin ya zuƙo iska da fetur, in ya sauko sai ya matse su ya tura su sama ta ƙofofin gefe. A YB100 akwai wani siririn faifai mai giɓi da yake juyawa tare da karanshaf, shi ke buɗe mashigar yana rufewa, shi ya sa in ka duba bayan bulok ba za ka ga kafireta ba, tana ɓoye cikin murfin dama.

Wato ɗakin karanshaf zugazugi ne irin na maƙera, kuma ka san abin da zugazugi yake yi in fatarsa ta huje. Abin da ke hana shi yoyon iska wasu zobban roba ne, sil, ɗaya a kowane gefen karanshaf. Robar da ta yi shekara 15 tana shan zafin Zariya da sanyin hunturu ba tare da ɗigon mai ba ta bushe ta ƙandare, ko da a ido tana nan kamar lafiya.

In sil ɗin hagu, na wajen maganet, ya mutu, injin zai riƙa zuƙar iskar da ba ta bi ta kafireta ba. Fetur ya yi ƙaranci a cikin haɗin, zafi ya ƙaru. Alamarsa ita ce ka saki totur amma ƙarar ta ƙi sauka, ta maƙale a sama. Wanda bai sani ba sai ya ji daɗi, ya ce inji na da ƙarfi, daga nan sai fistin ya kumbura ya kama bulok, ko ya huje a tsakiyar kai. In kuwa na dama ne, na wajen kuloci, man giya zai riƙa sha: farin hayaƙi mai kauri da wari daban, fulogi na jiƙewa, man giya na raguwa ba tare da ka ga ɗigo a ƙasa ba. An taɓa kawo mini wani wanda mai shi ya gaji da canza kafireta yana neman silo ya zauna. Da muka zare maganet, bayansa duk danshin mai ne da ƙura ta manne, sil ɗin kuwa da farce na ɓalle leɓensa.

Saboda haka ni ba na ma tsayawa gwada sil a babur da ya yi irin wannan zama, canzawa nake yi. Kuɗinsu kaɗan ne, kuma girmansu na rubuce a jikinsu da lambobi uku: faɗin ciki, faɗin waje, kauri. In kana son tabbatarwa bayan ka haɗa, ka toshe mashigar kafireta da mafitar salansa, ka hura iska kaɗan ta ramin fulogi, kada ta wuce 5 ko 6 psi (awon matsin iska), ka shafa ruwan sabulu a kan sil da duk mahaɗar gaskit. Inda kumfa ta taso, nan ne.

Ranar farko

Cire fulogi, ka ɗiga man 2T kamar cokali ɗaya ta ramin, ka bar shi ya kwana. Washegari ka danna kik da hannu, a hankali. In ya juya sumul, alhamdu lillahi. In ya cije, kada ka hau da ƙafa. Zuba kananzir haɗe da ɗan mai ta ramin fulogi, ka ba shi kwanaki, kullum ka sa giya ta huɗu ka ɗan jijjiga tayar baya gaba da baya. Ringin da tsatsa ta riƙe yakan saki da haƙuri, amma in aka tilasta shi karyewa yake ya kwarzane bulok.

In ya juya, ka toshe ramin fulogi da babban yatsa wani ya danna kik. Lafiyayyen inji ture yatsan yake da ƙarfi. Mai ma'auni kuwa, abin da ya haura 110 psi ba laifi, ƙasa da 90 ya gaji. Duk da haka ni shawarata ka cire kai da bulok ka gani da idonka. Noti huɗu ne, kuma babu sarƙar taimin ko bawul da za su rikita ka. Da bulok ya ɗaga, ka cusa tsumma mai tsabta a bakin ɗakin karanshaf kafin ka taɓa 'yan zobban wayar da ke riƙe da fin ɗin fistin, don in ɗaya ya faɗa ciki sai an raba injin biyu.

Yanzu ka kama kwanrod, wato rod ɗin da ya haɗa fistin da karanshaf, ka ja shi sama ka danna ƙasa. Motsi gefe da gefe kaɗan dole ne, amma sama da ƙasa bai kamata ka ji komai ba. Ka leƙa da tocila. In ka ga jan tsatsa a gindin rod ɗin ko a kumatun karanshaf, ko kana juyawa kana jin gurnani kamar da yashi a ciki, to damina ta shiga, boris ɗin sun tafi. Nan ne iyakar aikin gida. Raba karanshaf a canza masa rod sai da injin matsa, a kuma daidaita shi da agogon awo har karkacewarsa ta dawo wajen 0.03 na milimita. Wannan aikin masu injin yankan ƙarfe ne. Ka kai musu, ka tsaya ka ga sun ɗora agogon, kada ka yarda da wanda zai daidaita da ido da guduma kawai.

Haka ma bulok. In farcenka na maƙalewa a cikin kwarzanen da ke jikinsa, sai an yi borin, wato a ƙara faɗin ramin bulok ɗin. Fistin na zuwa da ƙarin girma hawa-hawa: 0.25, 0.50, 0.75 da 1.00, kuma galibi an buga lambar a kansa, sai ka kankare baƙin ka ga ko Malam ya taɓa yi. Ka fara sayen fistin, ka kai shi tare da bulok a yanka daidai da shi. Ka roƙi mai borin ya ɗan kashe kaifin bakin ƙofofin, in ba haka ba ringi zai riƙa karo da su. Wajen haɗawa, kibiyar da ke kan fistin tana kallon salansa, bakin kowane ringi yana zama a kan ɗan ƙusan da ke cikin raminsa, zobban fin kuma sababbi ake sawa.

Man 2T da famfonsa

Tunda ɗakin karanshaf hanyar fetur ce, ba a iya kwantar da baƙin mai a ciki. Duk abin da ke shafa boris da fistin shi ne ɗan man da ke tafiya tare da fetur ɗin ya ƙone tare da shi. Man da kake zubawa a murfin dama na giya da kuloci ne kaɗai, ba ya zuwa wajen fistin. Mutane da yawa sun kashe inji a kan rashin sanin wannan.

Da can haɗawa ake yi a tanki, kamar yadda har yau ake yi wa ƙaramin janareton nan na Tiger. A 1964 Yamaha ta fito da tsarin Autolube a babur ɗinta YA-6: tankin 2T daban, da ɗan famfo da injin ke juyawa, kebur ɗin totur kuma yana ƙara masa awo gwargwadon murɗawarka. Shi ne a jikin naka. Ka bi tiyon da ya sauko daga tankin 2T zai kai ka gare shi. Ka zubar da tsohon man, ka wanke tankin, ka canza tiyon duka, don sun ƙandare kuma tsagewa suke. Akwai ɗan sukuru na fitar da iska a jikin famfon: ka kwance shi ka bar mai ya zubo har kumfa ta ƙare. Sannan ka duba alamar da ke kan ɗan gargaren da kebur yake ja, ta yi daidai da ɗan fin ɗin da ke gefensa. Famfon da iska ta shige shi juyawa yake ba ya tura komai, kuma babu fitilar da za ta gaya maka.

Makanikai da yawa za su ce ka cire famfon ka riƙa haɗawa a tanki, ka huta. A Yamaha ana iya yi, don famfonta a mashigar fetur yake zuba man. In ka zaɓi haka, mililita 30 zuwa 40 a kowace lita ɗaya ta fetur, ka auna da sirinji, ba da murfin gora ba, kuma jet ɗin kafireta (ɗan sukuru mai huji da fetur ke bi ta cikinsa) yana son a ɗan ƙara masa girma tunda mai ya cinye wani gurbin fetur. (Ga masu Suzuki da ke karanta wannan: a yawancin injinansu masu tsarin CCI famfon yana kai mai kai tsaye cikin boris ɗin karanshaf, cire shi kashe boris ne.) Ni dai ra'ayina ka bar famfon. Ba kasafai yake lalacewa ba, ya fi hannunka iya awo, yana rage hayaƙi a silo, kuma babur ne da kake son ya koma yadda mahaifinka ya hau shi.

Wajen sayen man, ka nemi wanda aka rubuta JASO FC ko FD a jikin robar. Baƙin man mota da ake zuba wa janareto a unguwa kada ya kusanci injin nan, toka yake bari, ya toshe ƙofar salansa ya maƙale ringi. Wanda aka rubuta TC-W3 kuma na injin kwalekwale ne mai sanyaya da ruwa.

Tanki, kafireta, salansa

Buɗe murfin tanki ka shinshina. Tsohon fetur warin fenti yake yi, yana barin wani danƙo ja. Ka cire famfon fetur na ƙasa, ka toshe ramin, ka zuba kananzir da tafin hannu ɗaya na ƙananan notoci, ka yi ta girgizawa. Ƙirga notocin kafin su shiga. Bayan nan ka cika shi da ruwan khal ya kwana biyu, ka zubar, ka ɗauraye da ruwan kanwa don ya kashe tsamin, ka shanya a rana ya bushe ƙayau, ka zagaya cikinsa da fetur mai ɗan 2T nan take, don sabuwar tsatsa ba ta jira. In ya huje ka kai wa mai walda, amma sai an wanke an cika shi da ruwa. Tankin da ya shekara ba fetur yana iya fashewa da tartsatsi ɗaya. Ka sa 'yar matatar fetur a tiyo, ko da tankin ya fita fes.

Kafiretar Mikuni ce, in ta asali ce ka riƙe ta da kyau, ta fi sababbin da ake sayarwa a kwali. Ka warware ta, ka jiƙa ƙarafan cikin fetur, ka ɗaga kowane jet ka hango haske ta cikinsa. Ƙaramin, na silo, shi ne yake toshewa. Kada ka zura masa allura ko wayar ƙarfe, tagulla ce mai laushi, ramin zai faɗaɗa ka rasa kansa har abada. Sili ɗaya na wayar lantarki da iskar mai faci sun isa. Ka girgiza fulot a kunnenka, in ka ji ruwa a ciki ya huje. Sukurun iska ka ɗaure shi a hankali har ya zauna, ka dawo da shi zagaye ɗaya da rabi, daga nan ake fara nema. Gaskit ɗin murfin da kafiretar ke ciki da matatar iska su ma ka sabunta su. Ƙurar hunturu in ta samu hanya, wata ɗaya ta isa ta cinye sabon ringi.

Salansa kuwa, ka fara leƙa bakinta. Babur ɗin da ya zauna a soro da wuya ka rasa gidan zanzaro a ciki, laka ce ƙanƙararriya da za ta hana injin tashi kana ta zargin wuta. A wutsiyarta akwai sukuru ɗaya da ke riƙe da wani bututu mai huji-huji. Zare shi, ka ƙona shi a kan gawayi har baƙin ya zama toka, ka kakkaɓe da burushin ƙarfe. Ka mayar da shi. Samari na cirewa don ƙara, amma injin 2T da matsin da ke dawowa daga salansa yake cika cikinsa, in babu sai ƙara ta yi yawa, ja ya ragu, fistin ya ɗau zafi.

Wuta

Maganet na ƙarƙashin murfin hagu, a zaune kan karanshaf da matsi, da wani ɗan makulli mai siffar rabin wata. Fular cire shi zarenta na hagu ne. Kada ka bari kowa ya ɗora masa guduma ko ya ɓanɓare shi da ƙarfen taya: ƙarfin maganaɗisun na raguwa, bakin karanshaf na lanƙwashewa, ka sayi matsalar da ba ka da ita. A bayansa za ka ga kwayil biyu, na fulogi da na fitila, da kwandensa, da kwantak. Ka goge fuskar kwantak da sanfefa mai laushi, ka bi da farar takarda har ta fito ba datti. In ya buɗe iyakar buɗewarsa, tazarar ta zama 0.3 zuwa 0.4 na milimita. Lokacin da yake fara buɗewa shi ne lokacin da wuta ke tashi, kuma ya kamata ya zo daidai da alamar da ke jikin maganet, fistin na dab da kai wa ƙololuwa, saura ƙasa da milimita 2. Tsohuwar dabara ita ce a maƙala siririyar takarda tsakanin fuskokin, ana juya maganet a hankali ana ja, inda ta suɓuce nan ya buɗe. In wuta ta yi gaba da yawa kik zai riƙa dukan ƙafarka, kuma fistin ne zai biya.

Kwandensa ka canza ta kawai. Fulogi NGK B7HS, tazararsa wajen 0.6. Akwai masu mayar da tsarin zuwa CDI, wato akwatin wuta na zamani da ba ya buƙatar kwantak, yana aiki, amma ka fara jin injin a kan kwantak ɗinsa. Wayoyin cikin fitila da ƙarƙashin kujera ka bi su ɗaya bayan ɗaya, ɓeraye sun yi shekaru suna hidima a wurin. Batirin bolt 6 ya yi wuyar samu amma ana samu, kuma kada ka yi ta hawa babu shi, don shi ke shanye rarar wuta, in babu sai ƙwayaye su yi ta ƙonewa.

Abin da zai tsayar da kai

Tayoyi da tub ka zubar, komai kyan zanensu. Takalman birki ma haka, don manne fatar aka yi, kuma in ta tsufa ɓallewa take ta cije wili ana cikin tafiya. Ƙurar cikin tsohon birki tana iya ƙunsar asbestos, wani sinadari mai cutar da huhu, kada ka hure ta da baki ko da iska, ka jiƙa tsumma ka share. Sarƙa da siroket biyu tare ake canza su. Ka ƙwanƙwasa sifok ɗaya-ɗaya da sifana, wanda ya yi ƙarar da ta mutu ya saki. Firam ɗin YB100 na falankin ƙarfe ne da aka matse aka haɗa, daga ciki yake ruɓewa. Ka tsokane shi da sukudireba a wajen mazaunin batir, inda asid ya ɗiga, da inda hannun tayar baya ya haɗu da shi. In ƙarfen wurin ya zama garin tsatsa, ka dakata da sayen komai sai ƙwararren mai walda ya gani. Daga nan inda nake ba zan iya yanke maka hukunci a kan firam ɗin da ban taɓa da hannuna ba, kuma shi ne abu ɗaya da zai iya sa in ce makanikanka sun fi ni gaskiya.

Inda ake samun kaya

Panteka a Kaduna na kusa da kai, sai Ƙofar Ruwa da shagunan Sabon Gari a Kano. Dillalan da ke sauke kaya daga kasuwar Nkwo ta Nnewi sukan nemo abin da babu a kanta in ka ba su lokaci. An daɗe ana ƙera YB100 a Pakistan bayan ya ɓace a wasu ƙasashen, shi ya sa fistin da ringi da gaskit ɗinsa ba su yanke ba. Ka riƙa tafiya da tsohon abin a hannu. Leda mai tambarin Yamaha ba shaida ba ce, ana buga ta a ko'ina. Boris ka karanta lambar jikinsa ka nemi na NTN, Koyo ko NSK wajen masu sayar da boris zalla. In ka ci karo da gawar wani YB100 a wajen 'yan gwangwan, saye ta gaba ɗaya, faifan mashiga da murfin gefe da famfo ba a shago ake samunsu ba. Kuma ka nemi tsohon makanikin da ya yi zamanin baburan nan, a kowane gari akwai su, yawanci sun koma gyaran janareto da injin ban-ruwa. Ka kai masa goro, ka biya shi ya zauna kusa da kai ran da za ka raba injin biyu.

Fenti shi ne ƙarshe. In na asalin yana nan ko da ya koɗe, ka wanke ka goge da man gogewa ka gani tukuna, sau da yawa ya fi sabon feshi kyau, kuma ba a maido shi in an kankare.

Ranar tayarwa

Ka zuba man giya daidai awon da ya dace, kada ka cika. A tankin farko ka haɗa 2T mililita 20 a kowace lita, ƙari a kan na famfo, ka sa alama a tankin 2T don ka tabbatar yana sauka. Zai yi hayaƙi, maƙwabta su yi haƙuri. Ka fito da shi fili, ba cikin soro ba. In ya tashi ka bar shi a silo, ka saurara: ɗan murɗa totur ka saki, ƙarar ta faɗo nan da nan. In ta maƙale a sama, kashe shi ka koma neman inda iska ke shiga.

Kilomita 500 na farko kada ka wuce rabin totur, kada ka ɗauki kowa, kada ka riƙe gudu ɗaya na dogon lokaci, kuma ka riƙa tsayawa yana hucewa. Bayan tafiyar farko, in ya yi sanyi, ka sake ɗaure notocin kai a gicciye. Ka riƙa cire fulogi kana duba bakinsa: ruwan ƙasa shi ake so, baƙi mai danshi fetur ko mai ya yi yawa, fari ko toka-toka kuwa fetur ya yi kaɗan, kada ka ƙara hawa sai ka gano dalili. In ka kai matakin cire bulok, ka turo hoton jikin fistin ta wajen salansa da na gindin rod, daga su zan iya gaya maka ko borin ne kawai ko sai an raba injin.